Ku Tambaya Mu Amsa: Binciken Cin Hanci a Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun fi karkata ga batu guda, wato binciken cin hanci da rashawa a hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, da hukumomin da ke ƙarƙashinta. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma muna neman afuwar waɗanda ba su ga tasu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da gidan kallon ƙwallo, kuma da wuya a yi mako ba a yi gardama a kan wannan magana ba. Hedikwatar FIFA tana Suwizalan, waɗanda aka kama a 2015 kuma yawancinsu ba Amurkawa ba ne. To, me ya haɗa Amurka da su, har ta sa aka kama su a ƙasar da ba tata ba?
Daga mai gidan kallo, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya haɗa su shi ne dala, da kuma hanyar da dalar take bi. Da asubahin Laraba, 27 ga Mayu 2015, saura kwana biyu a yi zaɓen shugaban FIFA, 'yan sandan Suwizalan cikin farin kaya suka shiga otal ɗin Baur au Lac da ke birnin Zurich, suka yi awon gaba da manyan jami'an ƙwallo bakwai bisa buƙatar Ma'aikatar Shari'a ta Amurka. Hoton da duniya ta fi tunawa daga wannan safiya shi ne na ma'aikatan otal ɗin suna ɗaga farin zanen gado domin kada 'yan jarida su ɗauki fuskar wanda ake sakawa a mota. A ranar ce antoni janar ta Amurka, Loretta Lynch, ta bayyana tuhume-tuhume 47 a kan mutum 14, tara jami'an ƙwallo, biyar 'yan kasuwa, bisa zargin bayarwa da karɓar cin hancin da ya haura dala miliyan 150 a cikin shekara 24.

Dokar Amurka ta ba masu gabatar da ƙara ikon bin sawun duk wani kuɗin haram da ya ratsa ta bankunan ƙasar, kuma manyan kuɗaɗen da ake aikawa da dala daga wata ƙasa zuwa wata galibi sai sun bi ta bankunan New York kafin su isa inda za su. Ban da wannan, hukumar ƙwallo ta Arewacin Amurka da tsakiyarta da tsibiran Karibiyan, CONCACAF, a cikin Amurka take da ofishinta, a can ma aka ƙulla wasu daga cikin cinikayyar. Sai masu binciken suka ɗauko wata doka ta 1970 mai suna RICO, wadda tun asali aka yi ta domin karya gungun 'yan Mafiya, suka ce shugabannin ƙwallon sun mai da hukumominsu gungun aikata laifi. Da yake akwai yarjejeniyar miƙa waɗanda ake tuhuma tsakanin Amurka da Suwizalan, sai Suwizalan ta kama, Amurka ta nemi a miƙa mata.

Yawancin cin hancin ba a kan kujera ko ƙuri'a yake ba, a kan haƙƙin nuna wasanni a talabijin yake, wato irin kuɗin da kai ma kake biya duk wata kafin ka kunna wa 'yan kallo wasa. Yadda ake yi shi ne, kamfanin dillanci zai sayi haƙƙin gasa kamar Copa América, wato gasar ƙasashen Kudancin Amurka, daga hannun hukuma a farashin da bai kai darajarta ba, ya zagaya ya ba shugabannin hukumar nasu kason a asusun ƙetare, sannan ya sayar wa gidajen talabijin da riba mai tsoka. José Hawilla, mai kamfanin Traffic na ƙasar Barazil, ya amsa laifinsa, ya kuma yarda ya miƙa wa gwamnatin Amurka dala miliyan 151, kuɗin da shi kaɗai ya isa ya nuna girman kasuwar.

Amma da an tambaye ni wanda ya ɓaro wannan aiki, zan ce ma'aikacin haraji ne. Akwai wani Ba'amurke, Chuck Blazer, babban sakataren CONCACAF daga 1990 zuwa 2011, wanda saboda la'adar da yake yanka a kowane ciniki har laƙabin mai kashi goma aka yi masa. Ya shafe shekaru bai biya haraji ba, sai a ƙarshen 2011 jami'an hukumar haraji da na hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, suka tare shi a New York, suka ba shi zaɓi tsakanin gidan yari da haɗin kai. Ya zaɓi haɗin kai, har ya je Landan lokacin gasar Olamfik ta 2012 da na'urar naɗar murya ɓoye a jikin maƙalin makullansa, yana ajiye su a kan tebur yana hira da abokan aikinsa. A 2013 ya amsa laifuka goma a gaban alƙali a asirce, ciki har da amincewa ya karɓi cin hanci wajen zaɓen Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncin gasar 2010. Hukumomin Afirka ta Kudu sun ce dala miliyan 10 da aka tura wa asusun da ke hannun Jack Warner na ƙasar Trinidad, shugaban CONCACAF na wancan lokaci, tallafi ne ga 'yan asalin Afirka mazauna Karibiyan, kuma har yau a kan wannan bayani suke.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Wata ƙawata ta ce an ɗaure Sepp Blatter, wata kuma ta ce kotu ta wanke shi. Wace ce take da gaskiya?
Daga wata ɗaliba, Maraɗi

AMSA: Malama, ta biyun ce, amma da sauran bayani. Blatter, wanda ya hau shugabancin FIFA a 1998, ba ya cikin waɗanda Amurka ta tuhuma. Kwana biyu bayan kamen Zurich ma sake zaɓensa aka yi karo na biyar, ya sami ƙuri'a 133, Yarima Ali bin Hussein na Jodan ya sami 73, sai dai a ranar 2 ga Yuni ya sanar cewa zai sauka. Abin da ya kayar da shi shi ne faran miliyan 2 na Suwizalan da FIFA ta biya Michel Platini, shugaban hukumar ƙwallo ta Turai, a watan Fabrairu 2011, a matsayin ladan aikin ba da shawara da ya yi tsakanin 1998 da 2002. Dukansu biyu sun ce alkawarin baka ne suka yi tun farko, masu zargi kuwa suka ce wane irin bashi ne za a yi shiru da shi shekara tara, sai ana saura 'yan watanni a yi zaɓen shugaban FIFA a tuna da shi?

A Disamba 2015 kwamitin ɗa'a na FIFA ya dakatar da su shekara takwas takwas, daga baya aka rage na Blatter zuwa shida, na Platini zuwa huɗu. A ɓangaren shari'a kuwa, kotun tarayya ta Suwizalan da ke Bellinzona ta sallame su a Yuli 2022, masu gabatar da ƙara suka ɗaukaka, aka sake sallamarsu a Maris 2025. Babu cin karo a nan, domin ma'auni biyu ne daban. Kwamitin ɗa'a yana duba ko jami'i ya saɓa wa ƙa'idojin hukuma, kamar biyan kuɗi mai yawa haka ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, ita kuwa kotu ba za ta kama mutum da laifin zamba ba sai an kawar da duk wani kokwanto. Saboda haka ina roƙon masu karatu su riƙa bambance wanda aka zarga, da wanda hukuma ta dakatar, da wanda kotu ta kama da laifi. Waɗanda aka ɗaure da gaske sun haɗa da José Maria Marin na Barazil, shekara huɗu, da Juan Ángel Napout na Paraguay, shekara tara, bayan shari'ar da aka yi a Brooklyn a ƙarshen 2017, inda kuma aka sallami Manuel Burga na Peru.

TAMBAYA: Malam, ni dai ina ganin hassada ce kawai. Amurka ta nemi gasar 2022, Katar ta kayar da ita, Ingila ta nemi ta 2018, Rasha ta kayar da ita. Da su suka ci, da mun ji wani bincike?
Daga wani tsohon malamin makaranta, Kaduna

AMSA: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ba kai kaɗai ne ka faɗi haka ba, Shugaba Putin na Rasha ma ya soki kamen kwana guda bayan an yi shi, yana cewa Amurka na ƙoƙarin shimfiɗa dokarta a kan wasu ƙasashe. Kuma biri ya yi kama da mutum, domin a ƙuri'ar 2 ga Disamba 2010 Katar ta doke Amurka da 14 da 8 a zagaye na ƙarshe, Ingila kuwa ƙuri'a biyu kacal ta samu aka fitar da ita tun zagayen farko. Ba na musun cewa zafin kaye ya ƙara wa jaridun Ingila da mahukuntan Amurka himma. Sai dai niyyar mai tona asiri daban, abin da ya tono daban, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mu duba yadda aka yi zaɓen. Mutum 24 ne kacal, 'yan kwamitin zartarwa, suke da ikon zaɓar mai masaukin gasar, a ɓoye, kuma aka haɗa gasa biyu a rana ɗaya, abin da ya buɗe ƙofar ba ni in ba ka tsakanin ƙasashe masu nema. Tun kafin ranar ma an rage su zuwa 22, saboda 'yan jaridar Sunday Times da suka yi shigar burtu a matsayin wakilan masu neman gasar sun naɗi biyu daga cikinsu suna maganar kuɗi, wato Reynald Temarii na Tahiti da namu Amos Adamu na Najeriya. An ce Adamu ya nemi dala 800,000 domin gina filayen wasa huɗu masu ciyawar roba a Najeriya, ya kuma nemi a ba shi kuɗin hannu da hannu. Ya musanta aikata laifi, amma FIFA ta dakatar da shi shekara uku, kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta tabbatar da hukuncin a 2012.

Wata biyar bayan zaɓen, a Mayu 2011, Mohamed bin Hammam na Katar, wanda ke neman kujerar Blatter, ya gana da shugabannin ƙwallon Karibiyan a wani otal a birnin Port of Spain. Bayan taron aka riƙa kiran wakilai ɗaki suna karɓar ambulan, kowace ɗauke da dala 40,000. Wakilin Bahamas ya buɗe tasa, ya ɗauki hoton damman kuɗin, ya mayar da ita. Wanda ya kai ƙarar wannan lamari ga FIFA kuwa shi ne Chuck Blazer ɗin da muka ambata a sama, tun kafin tasa ta fito fili.

Game da ko Katar da Rasha sun sayi gasar, ga abin da ke rubuce. FIFA ta ɗauki wani tsohon mai gabatar da ƙara na Amurka, Michael Garcia, ya yi bincike, ya miƙa rahoto mai shafi 430 a Satumba 2014. Maimakon a buga shi, sai alƙalin kwamitin ɗa'a, Hans-Joachim Eckert, ya fitar da taƙaitawa mai shafi 42 da ta ce babu dalilin sake zaɓe. Garcia ya ce an karkatar da bincikensa, ya ajiye aiki, kuma ba a saki cikakken rahoton ba sai a Yuni 2017, bayan jaridar Bild ta Jamus ta same shi. Rahoton bai kawo hujjar da za ta sa a ƙwace gasar ba, amma ya nuna cewa Garcia ba shi da ikon tilasta wa kowa ya yi magana, kuma Rasha ta ce kwamfutocin da kwamitinta ya yi aiki da su na haya ne, an mayar wa mai su, an lalata su. Ita ma Ingila mai yawan ƙorafi rahoton bai ƙyale ta ba, ya soki yadda ta riƙa biya wa Jack Warner buƙatunsa don neman ƙuri'arsa. A 2020 masu gabatar da ƙara na Amurka sun rubuta a takardar tuhuma cewa an ba wasu masu zaɓe cin hanci domin Rasha da Katar, ƙasashen biyu kuma sun musanta.

TAMBAYA: Malam, duk sunayen da muke ji na Turawa ne da 'yan Kudancin Amurka. Mu a Afirka hannunmu a wanke yake ke nan?
Daga wani mai karatu, Zangon Kumasi

AMSA: Ɗan'uwa, ai kai ne ma ya kamata ka ba mu labari, tunda a ƙasarku aka yi wanda ya fi kowanne tayar da ƙura. A Yuni 2018 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya saki bidiyon bincikensa, inda aka ga shugaban hukumar ƙwallon Ghana na wancan lokaci, Kwesi Nyantakyi, wanda kuma a lokacin ɗan majalisar FIFA ne, yana karɓar dala 65,000 daga hannun wanda ya ɗauka mai zuba jari ne. An haramta masa harkar ƙwallo har abada, kotun Lausanne ta rage zuwa shekara 15. Binciken ya kuma rutsa da wani mataimakin alƙalin wasa ɗan Kenya, Aden Marwa, wanda dala 600 ta raba shi da gasar cin kofin duniya ta Rasha ana gab da farawa.

A sama can, shugaban hukumar ƙwallon Afirka na wancan lokaci, Ahmad Ahmad na Madagaska, wanda ya kayar da Issa Hayatou ɗan Garwa da ƙuri'a 34 da 20 a 2017 da alkawarin gyara, shi ma FIFA ta dakatar da shi shekara biyar a Nuwamba 2020, aka rage zuwa biyu. Cikin abubuwan da aka kama shi da su har da yadda aka ɗauki nauyin Umarar wasu shugabannin hukumomin ƙwallo da kuɗin hukumar. Wannan ya tsaya mini a rai, domin a wurinmu biya wa mutum kujerar Makka alheri ne da ake yi wa addu'a, amma idan kuɗin na amana ne, masu tafiyar kuma su ne masu ƙuri'ar da za ta mayar da kai kujera, to sunan abin ya canza.

Wanda ya fi taɓa ɗan kallo kai tsaye shi ne sayar da wasa. Na kalli wasan sada zumunta da Najeriya ta yi da Ajantina a Abuja a ranar 1 ga Yuni 2011, muna gaba da ci huɗu da nema, lokaci ya cika, ƙarin mintunan da aka nuna ma sun ƙare, amma alƙalin wasa Ibrahim Chaibou na Nijar bai hura usur ba, har sai da ya ba Ajantina bugun fenareti a kan taɓa ƙwallo da hannu da babu wanda ya gani. Aka tashi 4 da 1, muka yi murna muka watse, daga baya ne aka ji cewa kamfanonin caca sun ga kuɗi na ta kwarara a kan cewa za a ci ƙwallo ta biyar. A Janairu 2019 FIFA ta haramta wa Chaibou harkar ƙwallo har abada saboda karɓar cin hanci, tare da tarar faran 200,000. Haka ta yi wa Joseph Lamptey na Ghana saboda fenaretin da ya ba Afirka ta Kudu a kan Senegal a 2016, har aka sake buga wasan, Senegal ta ci, ta tafi Rasha.

TAMBAYA: Malam, a matsayina na lauya abin da ke ɗaure mini kai shi ne, duk lokacin da gwamnati ta taɓa shugabannin ƙwallon ƙasarta sai FIFA ta dakatar da ƙasar. Ashe sun fi ƙarfin doka ke nan?
Daga wata lauya, Abuja

AMSA: Barista, a rubuce ba su fi ƙarfin doka ba, amma a aikace tambayarki tana da tushe. Kundin FIFA ya wajabta wa kowace hukuma ta gudanar da harkokinta ba tare da katsalandan daga waje ba, kuma dokar tana da amfaninta, don ba don ita ba da kowane ministan wasanni ya rushe hukuma duk ranar da aka sha kashi. Najeriya ta ɗanɗana a Yuli 2014, lokacin da wata kotu a Jos ta dakatar da shugabannin hukumar ƙwallo, FIFA ta dakatar da ƙasar, ba ta janye ba sai da aka mayar da su. A Saliyo kuwa hukumar yaƙi da cin hanci ce ta gurfanar da shugabar hukumar ƙwallo, Isha Johansen, ta ce dole ta koma gefe har a gama shari'a kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. FIFA ta dakatar da Saliyo a Oktoba 2018, ƙasar ta rasa damar neman gurbi a gasar cin kofin Afirka ta 2019, sannan kotu ta wanke Johansen a watan Mayu 2019, aka ɗage dakatarwar.

FIFA takan ce ba ta hana a binciki kowa ko a gurfanar da shi, tsige zaɓaɓɓun shugabanni ne ba ta yarda da shi ba. Matsalar ita ce hukuncin dakatarwa a kan 'yan wasa da 'yan kallo yake sauka, kuma babu gwamnatin da ke son a ce ita ta hana ƙasarta zuwa gasa. Wani abin lura shi ne, lokacin da Amurka ta sa aka kama mataimakan shugaban FIFA, babu wanda ya yi maganar dakatar da ita, sai ma cewa FIFA ta yi ita ce aka cuta.

TAMBAYA: Malam, ina kuɗin da aka ƙwato suka tafi, kuma an gyara gidan kuwa?
Daga wani ɗan kasuwa, Garwa

AMSA: Alhaji, a 2021 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta amince a mayar da dala miliyan 201 ga FIFA da CONCACAF da hukumar Kudancin Amurka, CONMEBOL, a matsayin waɗanda jami'ansu suka yi wa sata, domin a kashe a ayyukan raya ƙwallo. Batun gyara kuwa, a ranar da aka zaɓi Gianni Infantino, 26 ga Fabrairu 2016, an ƙayyade wa shugaba wa'adi uku na shekara huɗu huɗu, an wajabta bayyana albashinsa, zaɓen mai masaukin gasa kuma ya riga ya koma hannun dukkan ƙasashe mambobi. A haka aka zaɓi Amurka da Kanada da Meziko a kan Maroko da ƙuri'a 134 da 65 domin gasar 2026, aka kuma buga wanda kowace ƙasa ta zaɓa.

Sai dai ginshiƙin tsarin yana nan yadda yake. Ƙasashe 211 ne ke zaɓen shugaba, kowace da ƙuri'a ɗaya, 54 daga ciki na Afirka, kuma hukumar da shugaban yake jagoranta ita ce ke raba musu tallafi, wanda a zangon 2023 zuwa 2026 ya kai dala miliyan 8 ga kowace hukuma. A Mayu 2017 aka ƙi sabunta wa'adin Eckert da mai bincike Cornel Borbély, mutanen da a zamaninsu aka dakatar da Blatter da Platini. Babban mai gabatar da ƙara na Suwizalan, Michael Lauber, ya sauka a 2020 saboda ganawar da ya yi da Infantino ba tare da an rubuta abin da aka tattauna ba, kodayake an rufe binciken Infantino a 2023 ba a tuhume shi da komai ba. An sake zaɓensa a 2019 da 2023 babu abokin hamayya, majalisar FIFA kuma ta ce shekara ukun farko da ya yi ba sa cikin lissafin wa'adi. A ranar 11 ga Disamba 2024, a taron da aka yi ta intanet, aka ba Saudiyya gasar 2034 ita kaɗai take nema, aka buƙaci wakilai su nuna amincewarsu da tafi a gaban kyamarorin kwamfutocinsu, suka kuwa tafa.